Na zauna a mazaunin maharbin Lancaster, maganar lema ta hana ni sukuni

A East Kirkby da ke Lincolnshire, Ingila, akwai jirgin Lancaster, jirgin bama-baman Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, mai suna Just Jane, ana tayar da injinansa huɗu a zagaya da mutane a ƙasa. Kowa rububin kusa da matuƙi yake yi, ni kuwa na roƙi a kai ni can wutsiya, inda maharbin baya ke zama.

Wurin kamar akurkin kaji. Gwiwoyina sun tokare, bindigogin Browning a gabana, ƙofa ta rufe a bayana. Sai na tambaya ina ake ajiye lemar sauka. Ashe a waje take, rataye a cikin jirgin, bayan ƙofar nan. Babu wurinta a ciki! In wuta ta kama, sai mutum ya daidaita mazaunin, ya buɗe ƙofa, ya miƙa hannu baya ya lalubo ta, ya ɗaura, sannan ya faɗa. Cikin duhu, da sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, domin da yawansu cire gilashin gaba suke yi don su hango jirgin Jamus.

Na daɗe da sanin labarin Andrew Mynarski, ɗan Kanada, maharbi a wani jirgin Lancaster, amma a wurin nan ya shige ni. A daren 12 ga Yuni 1944 aka harbi jirginsu a hanyar Cambrai da ke Faransa, mazaunin Pat Brophy, maharbin baya, ya maƙale. Mynarski ya ratsa wuta da gatari yana saran ƙofar, ta ƙi, har tufafinsa da lemarsa suka kama. Ya dira yana ci da wuta, ƙunar ta yi ajalinsa. Brophy kuwa, da jirgin ya faɗi da shi a ciki, ya rayu. Ikon Allah. Shi ya ba da shaida, aka ba Mynarski Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, a 1946.

Cikin kusan mutum 125,000 da suka tashi a jiragen bama-baman Birtaniya a yaƙin, 55,573 sun mutu. Yaya za a tura yaro ɗan shekara ashirin aiki, lemarsa na bayan ƙofa? Har yau abin na ci mini rai.

In za ka je, ka yi rajista da wuri, ka sa kaya marasa faɗi, ka nemi wutsiya. Da an rufe ƙofar, ka gwada miƙa hannunka baya.