Abin da sharhin wani fim ɗin kaboyi ya koya mini

A shekarata ta uku a sashen koyon aikin jarida, malaminmu ya ba mu aikin rubuta sharhi a kan The Wild Bunch, fim ɗin kaboyi da Sam Peckinpah ya ba da umarninsa a 1969. Na kalle shi sau ɗaya, na cika shafi biyu da cewa zubar da jini ne tsagwaronsa, na miƙa ina jin na yi bajinta. Da takardar ta dawo, tambaya ɗaya na tarar da jan biro a gefe: na ƙidaya gawarwaki, to su wane ne ke tsaye suna kallonsu?

Ya tura ni in karanta abin da masu sharhi suka rubuta a lokacin, sai na ga ashe an riga ni yin wannan fushi. A taron da aka nuna wa 'yan jarida fim ɗin a tsibiran Bahamas, wata wakiliyar mujallar Reader's Digest ta tambayi dalilin da ya sa ma aka yi shi, Roger Ebert kuma, wanda bai daɗe da cika shekara biyu da fara sharhin finafinai a jaridar Chicago Sun-Times ba, ya miƙe ya ce gagarumin aiki ne. Vincent Canby na New York Times shi ma ya yaba. Sai a nan na fahimci cewa mutanen da suka saba ganin kaboyi ya dafe ƙirji ya faɗi ba ɗigon jini ne aka nuna wa harsashi yana huda jiki cikin tafiyar hawainiya, 'yan watanni bayan an soke tsohuwar dokar tace finafinai ta Hollywood a 1968, alhali yaƙin Biyetnam yana shiga ɗakunansu ta talabijin kowane dare.

Da na sake kallo, na lura da abin da ya wuce ni tun a farkon fim ɗin: yara sun yi da'ira suna dariya, sun jefa kunamu cikin jajayen tururuwa, daga baya suka yayyafa musu ciyawa suka cinna wuta. Bayan an gama ɓarin wuta na farko a cikin wani gari, yara ne ke tsallake gawarwaki suna kwaikwayon harbi da yatsunsu. Nan na gane cewa daraktan da mu masu kallo yake, kuma na ji kunya, domin na tuna yadda na gyara zama lokacin faɗan ƙarshe.

Hukumomin da ke kula da finafinai a Amurka ma ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Da aka sake kai cikakken fim ɗin tacewa a 1993 an ba shi matsayin NC-17, wato na manya kaɗai, kafin daga baya a janye wannan matsayin, a 1999 kuma Amurka ta sa shi cikin finafinan da take adanawa don tarihi.

A sharhina na biyu ban janye ƙorafina duka ba, musamman kan yadda aka wulaƙanta mata a cikinsa, sai dai wannan karon na kawo wuraren da nake nufi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ƙara mini maki biyu kacal.