Namun daji a lambun bayan gari: abin da kare da kyanwa suka nuna mini

Unguwar da muke zaune a bayan garin Zariya, ta wajen Dutsen Kufena, gonakin dawa da masara ce a da, kafin a yanka ta fuloti-fuloti a sayar. Har yanzu filaye da dama ba a gina su ba. Wasu kangaye ne da aka kai linta aka tsaya, wasu kuma masu su suna ba da aronsu ana nomawa da damina. Da muka tare, sai na ware bayan gida na yi lambu, na dasa mangwaro da gwaba da lemun tsami a jikin katanga, na sa zogale a kusurwa, sannan na yi fangalin tumatir da na alayyahu da na yakuwa kusa da tankin ruwa. Muna da kare mai suna Duna, wanda aikinsa gadi ne kuma ba ya shiga ɗaki, muna da kyanwa saboda ɓera, uwargida kuma tana kiwon kaji da 'yan zabi. Ruwa da inuwa da abinci a wuri guda, a tsakiyar filin da yake bushewa ƙayau rabin shekara, gayyata ce ga duk abin da ke yawo a jeji, kuma tun ruwan farko na watan Mayu baƙin suka fara amsa gayyatar.

Yawancinsu da dare suke zuwa, saboda haka ba da idona na fara saninsu ba, daga bakin Duna na san su. Haushin da yake yi wa mutum daban yake: yana da kauri, yana fuskantar ƙofar gida, kuma ba ya tsayawa sai an fito. Idan kuwa dabba ce a cikin lambu, haushin yakan zama gajere, siriri, a wuri ɗaya, yana haɗawa da ɗan kuka irin na wanda ya ga abu ya rasa yadda zai yi da shi. Akwai kuma na uku, wanda shi ne yake sa ni saka takalmi mai rufi kafin in fita: gurnani ƙasa-ƙasa, gashin bayansa a miƙe, yana matsawa gaba yana ja da baya. Sanin bambancin waɗannan muryoyi shi ne abu mafi amfani da na samu a duk wannan lamari, domin shi yake gaya mini ko in fita da tocila kawai, ko in fara rufe yara a ɗaki.

Bushiya ce baƙuwar da ta fi kowa zuwa, kuma ita ce na fi so. Takan shigo ta rariya bayan sallar isha'i, ta bi gindin katanga tana shinshina ƙasa, tana cin gyare da tsutsotsi da dodon koɗi da garar da ke faɗuwa a ƙarƙashin fitila. Da Duna ya tunkare ta sai ta dunƙule ta zama ƙwallon ƙaya, ba kai ba ƙafa, tana wani huci tana zabura kaɗan-kaɗan duk lokacin da hancinsa ya matso. Na taɓa tsugunawa da tocila, bayan na ɗaure karen, na jira har ta saki jiki. Hanci ne ya fara fitowa, baƙi, a jiƙe, yana motsi. Sannan farar fuska da ƙananan idanu, sannan farin ciki mai laushi wanda ba ƙaya ko ɗaya a jikinsa. Girmanta bai wuce a ɗauke ta a tafin hannu biyu ba, kuma a tsakanin ƙayoyin na hango kaska a maƙale. Wannan kaskar ce ta sa na daina barin Duna yana mirgina ta da ƙafa, na kuma riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa a kai a kai duk damina. Da tafiya ta yi nisa shi da kansa ya rage damuwa da ita. Yakan yi haushi sau ɗaya ya koma ya kwanta. Da kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, ƙwari suka yi ƙaranci, sai ta ɗauke ƙafa, ba a sake ganinta sai wata damina.

Kyanwa ba ta sanarwa kamar kare, sai dai mutum ya lura da jikinta. Idan ta laɓe, ciki a ƙasa, kan wutsiyarta kaɗai ke motsi, to abin da ta gani abin kamawa ne: ƙadangare, ko ɓera, ko kuregen da ke haurowa da hantsi don tonon gyaɗar da yara suka shuka, wanda har yau ba ta taɓa cim masa ba. Jaba kuwa takan kashe ta ta bar ta a wurin, saboda warinta. Amma idan na gan ta a saman katanga da dare ta kumbura gashi, ta ƙura ido wuri ɗaya ta ƙi saukowa ko da an kira ta da abinci, na san abin da ke ƙasa ya fi ƙarfinta. Ta haka na gano gafiya. Wani dattijo da gonarsa ke maƙwabtaka da mu, wanda ya noma wannan fili tun kafin a yanka shi, shi ya nuna mini ramin a bayan akurki, da tulin sabuwar ƙasa a bakinsa. Ya ce, "Malam, wannan ba aikin kyanwa ba ne, kada ma ka so ta gwada, don gafiya idan aka matsa mata cizo take yi." Na ce, "To Baba, mece ce dabara?" Ya ce in fara da abin da ya kawo ta.

Abin da ya kawo ta buhun dusa ne da tsabar da kaji ke bari. Gafiya babba takan haura kilo ɗaya, tana da jaka a kumatu da take cikawa da hatsi ta kai rami, kuma duk wanda ya gan ta tana gudu da kumatu a cike ya san inda aka samo karin maganar nan ta gafiya tsira da na bakinki. Hancinta yana da ƙarfi ƙwarai, har a ƙasar Tanzaniya ana horar da danginta su gano nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a majina, don haka ɓoye mata abinci a buhu ɓata lokaci ne. Na zuba dusar a durom na ƙarfe mai murfi, muka koma ba kaji abinci da safe da la'asar kawai, ana share ragowar kafin magariba, sannan na toshe ramin da duwatsu da siminti. Batun ɓeraye gaba ɗaya ba na wasa da shi, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tsananta da rani. Kyanwarmu tana da ɗabi'ar ajiye abin da ta kama a bakin ƙofar ɗakin girki, saboda haka doka ce a gidan: ba mai taɓa shi da hannu, da shebur ake ɗauka a binne, a wanke wurin da ruwa da bilic.

Kwaɗi sukan taru a gindin tanki da damina, kuma wani dare Duna ya cafki babba daga cikinsu. Nan take ya sake shi, ya shiga girgiza kai yana goga baki a ƙasa, kumfa tana zuba. Duk wanda ya ga kare yana kumfar baki, ciwon hauka ne zai fara zo masa a rai, kuma hankalin uwargida ya tashi ƙwarai. Abin da ya faru shi ne irin wannan kwaɗo mai kaushin fata yana da wasu ƙullutai a bayan idanu da ke fitar da ruwa mai ɗaci da guba idan an matsa shi. Na wanke masa baki da ruwa mai yawa, ina karkata kansa ƙasa don kada ya haɗiye, kafin asuba ya warware. Abin da ya ba ni natsuwa a daren shi ne katin rigakafinsa yana hannuna. Ana yi wa kare allurar ciwon hauka tun yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a ƙasar nan. Kyanwa ma ana yi mata, abin da mutane da yawa ba su damu da shi ba, alhali ita ce ke haura katanga ta yi yawon da ba wanda ya san iyakarsa. Lokacin nunar mangwaro jemagu sukan sauka a kan bishiya, kuma idan ɗaya ya faɗo ƙasa ba na barin kare ko kyanwa ko yaro ya kusance shi. Wanda dabba ta ciza ko ta yaƙusa, abin da likitoci suke cewa shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar.

Ranar da na ji gurnanin nan na uku da rana tsaka, zabi ne suka riga Duna sanarwa. Sun yi da'ira nesa da tulin bulon da ya rage daga gini, wuyansu a miƙe, suna ƙara ba ƙaƙƙautawa, kaji kuma sun yi tsit a gindin gwaba. Kafin in isa, karen ya cusa kai tsakanin bulo, sai na ga baƙin kumurci ya ɗago ya fasa kai. Bai sare shi ba, dafi ya tsarta masa a fuska, domin irin wannan maciji ido yake nema, kuma yana iya kai wa abin da ke nesa da shi da kamar mita 2. Duna ya yi ƙara ya ja da baya yana murza ido da ƙafa. Na ja shi zuwa famfo, ɗana babba ya riƙe masa kai, na buɗe fatar idon na yi ta kwarara ruwa, idon ya yi jajir ya kumbura har ba ya buɗuwa. Ban sa masa komai ba sai ruwa, duk da shawarwarin da maƙwabta suka yi ta bayarwa, daga nan muka ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi, wanda ya duba ko dafin ya ci baƙin idon, ya ba mu maganin ɗigawa. Idon ya warke. Macijin kuwa ya sulale ta rariya tun muna kan wanki.

Kare mai zuciya shi ne ya fi shiga haɗari a gaban maciji, saboda yana tunkara da fuska, kyanwa kuwa tana tsayawa nesa. Tun daga ranar, idan na ji wannan gurnani, abin da nake fara yi shi ne kiran Duna in ɗaure shi. Na kwashe bulon, na ɗora itacen girki a kan dakali, ina kuma sare ciyawar da ke jikin katanga ciki da waje. Kumurci ma yakan yi gargaɗi, wadda ta fi ba ni tsoro ita ce kububuwa, gajera mai launin ƙasa, wadda ke kwanciya a cikin busasshen ganye, kuma ita ce ke kai mafi yawan masu jinya asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe.

Sauran baƙin ba su da dogon labari. Damo, sarkin haƙuri, ya taɓa shiga akurki ya sha ƙwai, Duna ya yi ta zagaya shi yana haushi shi kuwa yana hura jiki yana kaɗa wutsiya, har na tura shi waje da doguwar sanda. Shirwa takan yi shawagi idan akwai 'yan tsaki, kuma kaza tana da wani dogon kuka na musamman da take yi wa abin da ke sama, wanda da jin sa 'ya'yanta suke rugawa inuwa. Ragar da na shimfiɗa a saman wurinsu ta raba wannan gardama.

Inda muka saɓa da wasu maƙwabta shi ne batun shinkafar ɓera. Wani gida a layinmu ya barbaɗa ta a bayan katanga, kuma cikin kwanaki kaɗan kyanwar wani gidan ta mutu, aka kuma tsinci mujiya a mace a cikin kango. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, sai ya zama shi ne mafi sauƙin kamawa ga duk mai farautarsa. Na san yadda mutanenmu suke ƙyamar mujiya, amma farar mujiyar da ke kwana a kangaye ɓera take ci kowane dare, kuma kashe ta ƙara wa ɓera sarari ne. Na yi magana a kan haka bayan sallar magariba a masallacin unguwa, wasu suka karɓa suka koma amfani da tarko, wasu kuma suna nan a kan bakansu. Abin da ke hannuna shi ne in ciyar da kyanwata ta ƙoshi da yamma in rufe ta a shago idan na ji an zuba guba a kusa.

Shawarar da ta fi yi mini wuya ita ce ta rariya. Ta nan bushiya ke shigowa, ta nan kuma kumurci ya fita, kuma ba yadda za a yi a buɗe wa ɗaya a rufe wa ɗaya. Da yake akwai ƙananan yara da ke wasa a lambun ba takalmi, na sa an kafa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a bakin kowace rariya, aka kuma liƙe ƙasan ƙofar baya. Haushin dare ya ragu sosai, amma gyare da dodon koɗi sun ƙaru a fangalin alayyahu, har sai na fita da tocila ina tsince su da hannu. Ina kewar bushiyar, kuma na roƙi dattijon maƙwabcina ya hana yaran da ke farauta da gwafa taɓa ta idan sun gan ta a gonarsa, ya kuma yi mini alkawarin zai yi.