Laraba a ƙofar sashen gaggawa

Aikin safe, a wani asibiti a birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka. Da allunan hana shiga da bindiga da ke ƙofa aka fara. A Teksas, rubuta "an hana shiga da bindiga" kawai ba ya ɗaure mai lasisin ɗaukar bindiga. Allon 30.06 (lambar sashen doka ce) ne ke hana bindigar da aka ɓoye cikin riga, 30.07 kuma wadda aka rataya a fili, kuma kowanne sai ya zo da lafazin da doka ta tsara, da Turanci da Sifaniyanci, tsawon harafi bai gaza inci 1 ba, launin rubutu daban da na allo. Tun 1 ga Satumba 2021 da aka halatta ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, allon 30.05, na marasa lasisi, ya ƙaru a kansu. Na ƙofar wajen ajiye motoci rana ta kodar da shi, an sa hannu a sauya. Allon da ba ya karantuwa, lauya zai ce ba a sanar da mutuminsa ba.

Wajen ƙarfe 10 motar asibiti ta kawo wani da ya yi haɗari, bai san inda kansa yake ba. Ana yanke masa wando sai ga bindiga a ƙugu. Irin wannan ba ta bi ta na'urar gano ƙarfe, don ƙofar motar asibiti daban take. Nas ɗin ta yi daidai: ba ta zare ta ba, ta kira masu tsaro. Ana ɗauke ta ne tare da kubenta, saboda kube ya rufe kunama. Da yawa daga ƙananan bindigogin yanzu, irin su Glock, ba su da maɓallin kullewa na waje, yatsa ko gefen zanin gado ya ja kunama ta tashi.

Ba a sauke harsashi a gefen majiyyaci. Akwai ganga ta musamman a ɗakin tsaro da ake cusa bakin bindiga a ciki. A fara cire gidan harsasai, sannan a ja saman bindiga baya harsashin da ke ciki ya faɗo, a bar ta a buɗe, a leƙa da ido. Inda ake yin kuskure shi ne juya tsarin. Wanda ya ja sama kafin ya cire gidan harsasai ya fitar da ɗaya ya ɗora wani, ga shi yana ganin ya gama. Daga nan a rubuta ƙira da lambar bindiga da adadin harsasai, mutum 2 su sa hannu, a kulle.

Da rana an yi wa sababbin ma'aikata bita kan ɗakin MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kuma nan ne ya fi ba ni tsoro. Maganaɗisun na'urar, mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, ba ya mutuwa ko da dare, ko ba kowa a ciki. Yana fizge bindiga daga ƙugu, yana kuma iya motsa ƙarafan cikinta ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. A Janairun 2023 wani lauya a Sao Paulo ta Birazil ya raka mahaifiyarsa ciki da bindiga a ɓoye, ta harbe shi a ciki, bayan 'yan makonni ya rasu. A shekarar ce kuma wata mata a jihar Wiskonsin ta Amurka ta sami rauni ta wannan hanya, bayan an tambaye ta ta ce ba ta ɗauke da komai. Shi ya sa tambaya ba ta isa ba. A sa mutum ya sauya kaya zuwa rigar asibiti, a bi jikinsa da na'urar hannu, ɗan rakiya da ɗan sanda ma haka.

A wajen cin abinci musu ya tashi kan ko a bar likitoci su riƙa ɗaukar bindiga. Masu goyon baya kullum misalinsu na 2014 ne, a wani asibiti kusa da Filadelfiya, inda likitan masu taɓin hankali ya saɓa dokar asibitin ya harbi majiyyacin da ya kashe wata ma'aikaciya. Gaskiya ne ya ceci rayuka. Amma binciken Jami'ar Johns Hopkins na 2012 ya duba harbe-harbe 154 a asibitocin Amurka daga 2000 zuwa 2011, ya gano kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka yi a sashen gaggawa da bindigar mai tsaro aka yi su, ƙwace ta aka yi. Idan wanda aka horar ana ƙwace masa, ina ga nas mai sunkuyawa kan ruɗaɗɗen majiyyaci?

Gab da tashi wani dattijo ya zo dubiya, ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga. Irinsa ba a ɗaga masa murya, in aka kunyata shi gobe shiru zai yi ya wuce. An ja shi gefe, an ba shi zaɓi: akwatin ajiya mai makulli a ɗakin tsaro, ko ya mayar mota. Ya zaɓi akwati, kuma ya fi, don ɓarayi na yawan fasa motoci saboda bindiga. Akwatunan sun kusa cika kafin la'asar, an sa buƙatar ƙari a rahoton miƙa aiki.