Inda na kai: canza sunan fayil ba tare da rabawa ta tsaya ba

'Yan uwa masu koyo, aikin da na sa a gaba kwanan nan shi ne gyara sunayen abubuwan da na sauke da qBittorrent, manhajar sauke fayiloli da raba su tsakanin masu amfani ta tsarin BitTorrent, yawanci faifan girka Debian (wani nau'in Linux) da tsofaffin littattafan Internet Archive (ɗakin karatu na intanet). Sunayen duk lambobi ne da ɗigo-ɗigo. Ina so ido ya gane su, amma ba na so in daina raba wa jama'a.

Idan ka shiga folda ka canza sunan da hannunka, manhajar za ta nemi fayil ɗin da tsohon sunansa ta rasa, sai ta ce ya ɓace, rabawa ta tsaya cak. A cikin manhajar ake yi: ka buɗe sashen da ke jera fayilolin, ka zaɓi wanda kake so, ka danna F2. Ku lura, canza sunan a babban jeri na sama ba ya taɓa abin da ke kan faifai, lakabin da kake gani kawai yake sauyawa. Transmission, wata manhajar BitTorrent, ita ma tana da damar canza sunan fayil a cikinta tun 2013.

Dalilin da ya sa rabawa ba ta tsayawa ne ya fi burge ni. A tsarin BitTorrent da Bram Cohen ya fitar a 2001, ana yanka kayan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambar tantancewarta da ake lissafawa daga abin da ke cikinta, ta hanyar da ake kira SHA-1. Wanda ke ja daga wurinka lambar gunduwa yake tambaya, ba ruwansa da sunan da ka raɗa wa fayil a kwamfutarka. Sai dai asalin sunan yana cikin bayanan da ake lissafa lambar torrent ɗin gaba ɗaya da su. Wanda ya buɗe ƙaramin fayil ɗin torrent, mai ɗauke da waɗannan bayanan, ya gyara sunan a can, ya ƙirƙiri wani sabon torrent ke nan, kuma shi kaɗai zai zauna a ciki ba tare da sauran masu rabawa ba. A eMule, wata manhajar raba fayiloli mai nata tsarin, ba haka ba ne, daga abin da ke cikin fayil kaɗai ake fitar da lambar, shi ya sa fayil guda kan bayyana da sunaye barkatai.

Yanzu dabarar ba fayil suna biyu nake gwadawa, da umarnin ln a Linux ko mklink /H a Windows. Tsohon suna ya zauna wa manhaja, sabon ya tafi foldata mai tsari, ba tare da cin ƙarin wuri ba, muddin a ɓangaren faifai ɗaya suke. Amma fa kada a taɓa cikin fayil ɗin. Gyara bayanan marubuci a cikin PDF ma ya isa ya sa gunduwa ta faɗi tantancewa, kuma gyaran na iya shafar sunayen biyu.

Abin da ya rage mini shi ne gwada sabon tsarin BitTorrent mai amfani da SHA-256 a madadin SHA-1, inda kowane fayil ke da tasa lambar.