Ƙarfen da ke sanyaya kansa

Mahaifina maƙeri ne a Daura, ni kuma gyaran injin niƙa da na ban ruwa nake yi a Katsina. Tun ina ƙarami nake zuga masa wuta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da zai zaro wuƙa jajir da awartaki ya tsoma ta a ruwa. Ba ya yarda a yi masa magana a wannan lokacin. In wuta ta yi kaɗan, bakin wuƙar ba zai riƙe kaifi ba. In ya saki ƙarfen duka ya yi tauri, ranar da ya haɗu da ƙashi sai ya ɓalle.

Watan jiya wannan tsohuwar matsala ta same ni a shago. Wani shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya cinye a daidai mazaunin boris, na sa aka cike wurin aka gyara, sannan aka gasa shi da wutar gas aka jefa a baƙin mai don ya yi tauri. Taurin ya samu, amma shaf ɗin ya ɗan karkace, inji ya dinga rawa. Kuɗin mai inji da kwana uku suka tafi a banza. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na zauna karanta yadda manyan masana'antu ke yi, har na iso kan lesa.

Irin ɗan jan hasken nan ne da yara ke haskawa a bango, sai dai wannan ƙarfinsa ya kai dubban wat. A 1960 Theodore Maiman ya haɗa lesa ta farko a Amurka, kuma a shekarun 1970 kamfanin General Motors ya fara taurara sassan sitiyarin mota da ita. Ana tattara hasken a ɗan wuri, a ja shi a kan ƙarfen kamar mai jan layi. Kafin ƙiftawar ido fatar wurin ta haura digiri 900, amma ba a barinta ta narke. Da hasken ya wuce, sauran jikin ƙarfen da ke da sanyi sai ya zuƙe zafin nan take. Babu ruwa, babu mai. Wannan saurin sanyin ne ke hana sinadarin kabon da ke cikin ƙarfen komawa mazauninsa, sai ya maƙale a ciki, wurin ya zama abin da masana ke kira matensait, mai tsananin tauri. Kaurin wurin da ya taurara bai cika wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Cikin ƙarfen yana nan da juriyarsa, kuma tunda ba a gasa shi duka ba, da wuya ya karkace. Da shaf ɗina ya samu haka, mazaunin boris kaɗai za a bi.

Da na je gida ranar Juma'a na ba Baba labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wane irin ƙarfe suke sa wa?" Wallahi tambayar ta burge ni, don nan ne gizo ke saƙa. Lesa ba ta ƙara wa ƙarfe abin da ba shi da shi. In kabon ɗinsa ya yi ƙasa da kusan kashi 0.2 cikin ɗari, ba za a samu taurin kirki ba. Shi ya sa Baba ke neman tsohon sifirin mota in zai ƙera wuƙa ko gatari, ba ya kallon falankin ƙofa.

Ban ga amfanin kai garma ko fartanya gaban wannan na'ura ba. Yashin jigawar Daura zai cinye milimita ɗaya ko ta yi tauri, kuma maƙeri zai sake bugun bakin da kuɗi kaɗan. Inda nake kwaɗayinta shi ne haƙoran giya, da shaf, da kamshaf, kayan da in sun karkace ko da kaurin gashi ne aiki ya ɓaci. Na'urar tana da tsada, tana son wuta tsayayya, kuma haskenta na makantar da mutum, dole a killace ta. Ba kayan shago ɗaya ba ce. Amma a Katsina, garin da aka kafa kamfanin mulmula ƙarfe tun shekarun 1980, ina ganin guda ɗaya da makanikai za su riƙa kai aiki suna biya ba ta fi ƙarfinmu ba.

Baba ya ce in na samu hoton yadda hasken ke tafiya a kan ƙarfe in kawo masa a waya, yana so ya ga launin da wurin ke yi.