Ɗan naman da ke cikin kwalba

Majinyata biyu za su kwanta gado kusa da gado, hoton ƙirjinsu iri ɗaya, kansar huhu ta bazu a jikinsu duka, amma maganin da zai tashi ɗayansu ba zai yi wa ɗayan komai ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a karatunmu na likitanci nan Maraɗi.

A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka suka gano dalili: waɗanda maganin gefitinib ke yi wa aiki suna da sauyi a ƙwayar halittar da ake kira EGFR. A 2007 aka gano sauyin wata ƙwayar halittar mai suna ALK a Japan, zuwa 2011 maganin crizotinib ya fito dominsa. Magungunan biyu ƙwayoyi ne na haɗiya. Sauyin EGFR ya fi yawa ga mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, don haka ko da wata Hajiya ta ce ba ta san sigari ba, magana ba ta ƙare ba.

A nan, tari ya daɗe, tibi kowa ke kawowa a rai, kuma da gaskiyarsa. Amma in na'urar GeneXpert mai gwajin tibi ba ta ga komai ba, mutum ya sha magani wata shida yana ta ramewa, ruwa na sake taruwa a ƙirji, to a nemi wani abu.

Malaminmu ya fi takura mu kan kwalba. Ɗan naman da aka tsakuro daga jikin majinyaci don gwajin sauyin, a jefa shi nan take cikin formol (ruwan adana nama) mai kashi 10, a rubuta lokacin, kada ya wuce kwana biyu a ciki. Ruwan Bouin mai launin rawaya kuwa ya hana, domin yana lalata DNA, wato sinadarin gado da ake neman sauyin a cikinsa. Daga nan zuwa Yamai, inda ake aika naman, fiye da kilomita 600 ne, ga zafi. Naman ya lalace, kuɗin da dangi suka sayar da bisashe suka haɗa ya tafi a banza.

Wani lokaci ɗan majinyaci zai ja ka gefe: "Likita, akwai ɗan'uwanmu a Kano, a sayo ƙwayar nan kawai." Sai ka zaunar da shi. In babu sauyin, ƙwayar ba ta da abin kamawa, ga tsada. Ko akwai shi ma, kansar takan bijire bayan kamar shekara, sau da yawa ta hanyar sabon sauyi mai suna T790M, sai a sake gwaji a ga ko wani maganin, osimertinib, zai karɓa.