A wajenmu tef ɗin tela ne alƙali

Kusan duk wanda ya shigo ɗakin ɗaga ƙarfenmu da ke kudancin Jidda, magana ɗaya yake zuwa da ita: "Kyaftin, tumbin nan nake so ya tafi, amma fa kada in rame." To wannan ita ce sana'ata: a sauke kitse, tsoka kuma ta tsaya ko ma ta ƙaru. Abin yana yiwuwa, musamman ga wanda bai taɓa riƙe ƙarfe ba, da mai teɓa da yawa, da wanda ya taɓa yi ya bari. Wanda ya daɗe yana ɗagawa kuwa, jikinsa ya riga ya ɗaure, shi kam da kyar yake samun biyun a lokaci guda, kuma nakan gaya masa haka tun kafin ya biya kuɗin wata.

Ranar farko ba na bai wa kowa nauyi. Tef ɗin tela nake ɗaukowa, in auna kugu daidai cibiya, in auna damtse da cinya, in rubuta a littafi. Sikeli muna hawa, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Mutum zai yi wata guda sikeli bai motsa ba, ya zo yana huci, alhali wandonsa ya fara zamewa kuma nauyin da yake turawa a benci ya ƙaru. Sai in buɗe masa littafin ya gani da idonsa.

Daga nan sai sandar ƙarfe babu komai a jikinta. Ita kaɗai kilo 20 ce, kuma ta ishe ni ganin duk abin da nake nema: ko dugadugai suna ɗagawa idan ya tsuguna, ko gwiwoyi suna faɗawa ciki, ko gadon baya yana lanƙwashewa idan zai ɗago daga ƙasa. Akwai wanda zan sa ya tsuguna kan akwati har sai ƙugunsa ya koyi hanya. Akwai wanda matsalarsa numfashi ce kawai: bai san ana cika ciki da iska a ɗaure shi kafin a sauka ba. Wannan ido ba a sayensa a kasuwa. Ni a wurin kawuna na same shi, mutumin da ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa. A saman soron gidanmu yake da gwangwanayen madara da ya cika da siminti ya soka musu bututun ruwa. Bayan sallar isha, idan iskar teku ta ɗan taso, sai ya hau da mu. Ba ya ƙirga mana ko sau nawa muka ɗaga. Tafin hannunsa kawai yake ɗorawa a tsakiyar bayana, da zarar ya ji bayan ya saki sai ya ce, "Ajiye, yaro. Gobe ma rana ce." Har yau haka nake ɗora wa ɗalibaina hannu.

Aikin kansa ba shi da ado. Tsugunno, ɗagowa daga ƙasa, turi a benci da sama da kai, sai janyowa. Kowace tsoka a taɓa ta sau biyu a mako, a riƙa ƙara nauyi ko yawan ɗagawa kaɗan-kaɗan. Wannan ƙarin ne ke gaya wa jiki cewa ana bukatar tsokar, kada ya cinye ta idan abinci ya ragu.

Abincin kuma shi ne inda ake kokawa. Ba na cewa kowa ya daina cin kabsa, wato shinkafa da kaza irin ta Saudiyya, don na san ƙarya zai yi mini. Ragin kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar, yadda mai kilo 80 zai riƙa sauke kamar rabin kilo a mako. Furotin kuma gram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na jiki, wato shi mai kilo 80 ɗin yana neman aƙalla gram 130 a rana. Ƙwai ɗaya gram 6 ne kacal, ƙirjin kaza dafaffe mai gram 100 yana ba da kusan 30. Don haka a farantin kabsa ko bukhari, kazar ka cinye, shinkafar ka raba biyu. Ful, wato dafaffen wake, da safe babu laifi, ɓarnar tana cikin man da ake kwarara masa da burodin tamis ɗin da mutum zai naɗe shi kaɗai. Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na furotin ko sitaci 4. Tsiren da 'yan'uwanmu ke gasawa a unguwa nama ne mai kyau, in dai ka zaɓi jan nama ka ce a sassauta mai. Tun 2019 hukuma ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jikin jerin abincinsu, amma mutane nawa ke dubawa? Lemon kwalba ma an ɗora masa harajin kashi 50 cikin 100 a 2017, duk da haka sai ka ga matashi ya gama zufa ya tsallaka titi ya sayo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kasuwar gajeriyar hanya. Wannan shayin narkar da tumbi, wancan bel ɗin da ake ɗaurawa a ciki. Mafi yawan shayin nan maganin sa gudawa ne, ruwan jiki yake zubarwa. Bel kuma zufa kawai yake jawowa, ka sha ruwa nauyin ya dawo. Mafi muni su ne masu allurar kumbura tsoka, waɗanda ke raɓar yara a bayan gida ko ta WhatsApp. Ba sa gaya musu cewa allurar tana sa jiki ya daina samar da nasa sinadarin mazakuta, maniyyi ya ragu, hawan jini ya taso, wani har nono ya fito masa. Wani uba ya taɓa kawo mini ɗansa kafaɗu duk ƙuraje, ya ce, "Kyaftin, ka duba mini yaron nan." Na ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne, asibiti za ku fara zuwa." A ɗakina duk wanda na kama da sirinji, ranar ce ta ƙarshe. Garin furotin da creatine, garin ƙara wa tsoka ƙarfi da ake shan gram 3 zuwa 5 a rana, su kaɗai nake yarda a shigo da su, su ma ba dole ba ne.

Sai masu ciniki. "Ai can gaba rabin kuɗinka suke karɓa." Gaskiya ne. Je ka mirgina sandarsu a ƙasa ka ga yadda take rawa saboda ta lanƙwashe, ka kuma nemi wanda zai tsaya a bayanka idan nauyi ya danne ka. Wasu kuma hoton Big Ramy suke nuna mini a waya, ɗan Masar ɗin da ya ci gasar masu gina jiki ta Mr. Olympia a 2020 da 2021, wai kafin babbar sallah suke so. Irin waɗannan su ne masu shayi da allura ke jira a bakin ƙofa.

Da azumi tsarin yana juyawa. Bayan tarawihi muke buɗewa sosai, mu rage yawan ɗagawa amma mu bar nauyin yadda yake. A sha ruwa da dabino da laban, wato nono, a yi hankali da sambusa da lugaimat, soyayyen ƙulli mai zaƙi, a sahur kuma a nemi ƙwai ko kaza. Barci ne ke wahalar samu a watan, kuma duk wanda ke kasa samun awa 7 zai ga ƙarfinsa ya ja baya. Mai ciwon suga ko hawan jini, ko da azumi ko babu, sai ya zo mini da izinin likitansa kafin in rubuta sunansa a littafi. Sauran watanni ana samuna daga bayan la'asar, a zo da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da tawul.